Rigar da Armande Ta Bari Ba Launi

Shekara ashirin da shida ina yanka fallayen kwano a ma'aikatar Ferrandon, ba a taɓa dawo mini da falle ɗaya an ce ya karkace ba. Na faɗi wannan ne don a san abin da na yi ba kuskuren hannu ba ne.

Aikinmu sa launi ne. Maɗaba'a ta buga baƙin layin zane a takarda, a kawo mana, mu cika shi da hannu. Ni nake duban ainihin zanen in raba launukansa, kowane launi in yanka masa fallen kwano mai ramuka daidai inda zai zauna. Mata goma sha huɗu suna jere a dogon tebur, kowace da fallenta da buroshinta da launi guda. Takarda ta bi hannu-hannu har ta fito ƙarshen tebur da kayanta cif. Gidajen ɗinki ke ba mu aiki, hotunan tallan riguna da huluna da safar hannu, waɗanda suke aika wa matan da ke saye a wurinsu, wasu kuma su manna a taga.

'Yata Armande shekara bakwai ta yi a wannan teburin tana shafa wa zanen wasu launi. Nata zanen ranar Lahadi take yi, bayan an kwashe kwanuka. A watan Fabrairun 1921 aka aike ta kai kaya gidan ɗinkin Madam Orsel, littafin zanenta ya faɗo daga jaka, matar ta ɗauka ta buɗe. Kafin Armande ta fito an ba ta aikin hoton tallan watan Afrilu, kwafi ɗari shida, da sunanta a ƙasa. Ba a taɓa buga sunan kowa daga gidanmu a takarda ba, sai na ɗana Gaspard, a jerin waɗanda ba su dawo daga yaƙi ba.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa a lokacin. Makokin wa ko ƙanwa, shekara ɗaya ake yi da baƙin kaya a wuce wurin, amma a gidanmu ba wanda ya ce a cire, don haka ba a cire ba. Ni ina ɗaure da baƙin ƙyalle a dantse. Matata Clémence ba ta daɗe da komawa shunayya ba, launin da ake sawa in an sauke baƙi amma makoki bai ƙare ba. Armande kuwa baƙar riga biyu gare ta, tana wanke wannan tana sa wancan.

Ranar da ta gama zanen ta shimfiɗa mini shi a teburin kicin. Mace ce tana saukowa daga matakalar lambu. Baƙin kwat ya zame mata daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, saura kaɗan ya faɗi. Baƙar safar hannu ɗaya tana yashe a matakala ta uku. A samanta reshen bishiya ne da 'yan ƙananan ganye da ba su gama buɗewa ba, can gefe tsuntsayen tsattsewa biyu. Na ƙirga launuka da yatsa kamar yadda na saba, goma sha ɗaya. Sai na tsaya a kan rigar da ke ƙarƙashin kwat ɗin.

Na ce, "Ina launin rigar?"

"Babu."

"Ba ki gama ba ke nan."

"Na gama, Baba. Takardar ce rigar. Duk matar da ta duba ta sa mata launin da ranta ke so. Shekara nawa ana gaya musu abin da za su sa."

"Madam Orsel ta gani?"

"Ta gani. Sau biyu ta duba, ta ce haka take so."

Na matso da fuskata. "Wannan haɓar kuwa na santa. Da wannan girar."

Ta yi dariya. "Wa zai tsaya mini awa uku in zana shi in ba madubi ba?"

Clémence ta leƙo ta kafaɗata, ta daɗe tana kallo, ta koma kan tukunyar miyarta. Armande ta ɗauki fensir ta rubuta a gefen zanen, daidai saitin rigar: a bar takarda. Ta ce, "Don kar ka manta, tsoho." Na ce ba ni mantuwa.

Ranar Litinin Madam Orsel ta tura ta birnin Lyon tare da mai sayo mata siliki, ta zana yadudduka, kwana huɗu. Ni na raka ta tasha. Sau uku na tambaye ta ko ta ɗauki mayafin wuya, har ta ce, "Baba, Lyon zan je, ba bakin duniya ba."

Talata da safe takardun suka iso daga maɗaba'a. Na riga na yanka falle goma sha ɗaya, na jingina ainihin zanen a allo don matan su ga launukan da za su haɗa. Maigida Ferrandon ya sauko daga ofishinsa yana goge tabarau da gefen rigarsa. Mutum ne mai son ba'a, ba mugu ba. Ya tsaya gaban allon ya karkata kai.

"Baba Anselme, fenti ne ya ƙare wa 'yarka, ko Madam Orsel ta koma sayar da rigar barci?"

Teburi ya ɗauki dariya. Wata daga can ƙarshe ta ce, "Ta cire safa, ta cire kwat, a tsakiyar lambu kuma. Saura me?"

"Ku duba fuskar, ai Armande ce da kanta."

"To samarin unguwarmu Belleville sun sami wurin tsayawa. Sai an sa ɗan sanda a bakin tagar."

Wasa suke yi. Sun san ta tun tana da kitso biyu, rabinsu sun zo mana gaisuwar Gaspard. Amma ni a tsaye nake ina ganin hoton nan manne a taga, ina ganin mai burodin layinmu da matarsa sun tsaya suna nunawa, ina jin ana cewa 'yar Anselme Couderc ta zana kanta tana tuɓewa, wanta ko kabarin kirki bai samu ba. Madam Orsel tana can unguwar masu hali, abin da ake faɗa a layinmu ba zai kai kunnenta ba. Armande kuwa nan za ta bi kullum da safe. Bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Akwai launi. Ta gaya mini a gida, gaggawar tafiya ce ta hana ta shafawa."

Ferrandon ya ce, "Yanzu na ji magana. Wanne?"

Ban yi tunani ba. Na ce, "Shunayya mai haske."

A lokacin ma gani na yi daidai ne. Mace ta sauke baƙi, me take sawa? Shunayya ko ruwan toka, kowa ya sani, haka uwata ta yi, haka Clémence take yi. Har na ji kamar na gyara wa yarinyar abin da ƙuruciya ta sa ta tsallake.

Da aka tashi cin abincin rana kowa ya fita, na zauna a kwanata, lungun da nake yanka, da burodi da ɗan cuku. Na ciro tsakiyar burodin na murza shi ya dunƙule, na goge rubutun fensirin nan da shi. Sannan na ɗauko sabon falle na yanka rigar. Minti arba'in ta ɗauke ni. Har yau ina iya cewa ban taɓa yanka ninkin siket da ya kai wannan kyau ba.

Madam Tissandier, babbar matan tebur, wadda ke haɗa launi, ita ta fara dawowa. Ta ɗaga fallen ta duba a haske, ta dube ni ta saman tabarau.

"Anselme, ka tabbata? Shekara bakwai yarinyar nan tana gefena, ko maɓalli ba ta taɓa tsallakewa ba. Riga guda za ta manta?"

"'Yata ce ko 'yarki?"

"Taka ce, ba mai ƙwace maka. Amma da safe na ga kamar rubutu a gefen nan."

"Lissafina ne, na goge."

Ta ajiye fallen a hankali. "To. Fentin nan in ya hau ba ya sauka, ka fi ni sani."

Kwana uku takarda tana bin tebur. Duk lokacin da na wuce ta wurin falle na goma sha biyu sai in kau da kai. A gida Clémence ta tambaye ni me ya hana ni cin abinci, na ce cikina ne. Sau biyu na yi niyyar hawa ofis in ce a tsaya. Na farko an yi ɗari da hamsin, na ce in na yi magana yanzu kowa zai san ƙarya na yi. Na biyu an wuce ɗari huɗu, na ce ai an makara.

Juma'a da azahar Armande ta shigo daga tasha kai tsaye, da jakarta a hannu, ko gida ba ta biya ba. Takardu ɗari shida suna rataye a igiyoyi suna bushewa, tun daga bakin ƙofa har bangon baya. Ta shigo tana murmushi, tana cewa, "Ina suke, ina suke?" Sai ta ɗaga kai.

Ta bi ƙarƙashin igiyar farko har ƙarshe. Ta dawo ta biyu. Jakar tana hannunta ba ta ajiye ba. Buroshi ya tsaya a tebur.

Ferrandon ya sauko yana tafa hannu. "Ga mai zanenmu. Kin ga aiki? Allah ya sa kin gaya wa babanki launin, da yanzu mun tura mace titi da rigar barci."

Ta juyo ta dube ni. Na so ƙasa ta tsage. Jira nake ta faɗa a gaban kowa, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Haka ne, maigida. Na gaya masa."

Da ya koma sama ta zo kwanata ta ja kujera ta zauna. Muryarta ƙasa-ƙasa, don kar tebur ya ji.

"Ina rubutun da na yi?"

"Armande, dariya suka yi. Ba ki ji abin da suka ce ba. Fuskarki ce a jiki."

"Na san fuskata ce. Ni na zana."

"Launin mutunci ne, 'yata. Shi ake sawa bayan baƙi."

"Shi ake sawa in ba a gama ba. Na zana mace ta fito daga makoki, ka kama hannunta ka mayar da ita ciki. Dubi safar nan da ta yar. Yanzu cewa za a yi faɗuwa ta yi, za ta koma ta ɗauka."

"Ni gudun bakin mutane na yi miki."

"Mutane nawa ne, Baba? Mata goma sha huɗu da Ferrandon. Da ka bari sun gama dariyarsu sun ɗauki buroshi." Ta murza hannun jakarta. "Ba don matan Madam Orsel kaɗai na yi shi ba. Na ɗauka in kai da Mama kuka gan shi a taga, ba sai na buɗe baki na roƙe ku mu sauke makokin nan ba."

Na ɗauki askar yankan kwano na ajiye.

Ta cire kwafi ɗaya daga igiya ta tafi da shi wurin Madam Orsel. Ina zaune ina ta saƙa yadda matar za ta dawo da aikin duka, Ferrandon ya kore ni, in ce ni ne, a wanke yarinyar. Har na shirya kalmomin. Ba haka aka yi ba. Bayan awa biyu Armande ta dawo ta ce Madam Orsel ta ɗaga kafaɗa, ta ce ba abin da suka shirya ke nan ba, amma tana da yadin shunayya jibge a sito, kuma rabin matan birnin har yanzu shi suke sawa. Za ta karɓa, ta manna a taga da kati a ƙasa, kayan ƙaramin makoki. Har ta ce in ya samu kasuwa, Armande ta zana mata wasu uku irinsa.

Na ce, "To ai kin ga, bai ɓaci ba."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta shimfiɗa takardar a kan allona, ta ɗora yatsa a kusurwar ƙasa ta dama, inda maɗaba'a ta buga Armande Couderc da ƙananan haruffa.

"Na ce mata sai dai ba da sunana ba, ta yarda. Tunda ka iya ƙari, ƙara ɗaya. Ɗan rami mai kusurwa huɗu, daidai nan, ya rufe shi."

"Armande."

"Kar ya fi faɗin farce. Baƙi zan sa."

"Sunanki ne na farko a takarda."

"Ba zanena ba ne, Baba. Yanka."

Na yanka. Layi huɗu ne kacal, amma sai da na lalata falle ɗaya. Asabar da safe ta sa rigar aikinta ta zauna a wurinta na da. Madam Tissandier ta ce, "Kawo in taya ki, 'yar nan, mu raba biyu." Ta ce a'a. Ita kaɗai ta shafe su, ɗaya bayan ɗaya, ɗari shida, ina jin ƙarar buroshin daga kwanata. Da ta gama ta wanke shi ta rataye, ta hau ofis ta ce wa Ferrandon ta bar aiki. Ya yi ta tambayar dalili, ta ce tana so ta gwada zane sosai. Har yau bai sani ba. Madam Tissandier ta sani, ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba.

Kafin ƙarshen Afrilu Armande ta kama ɗaki da wata ƙawarta mai ɗinkin hula a hayin kogi. Ba faɗa ba rigima. Ta sumbaci uwarta, ta sumbace ni, ta ce za ta riƙa zuwa ran Lahadi. Clémence ta tambaye ni me ya faru, na gaya mata duka. Ta daɗe tana ninke tawul ɗaya, sannan ta ce, "Ni da na ga zanen nan a kicin na gane abin da take nufi. Na kasa magana ne kawai." Ban san ko da ni take ko da kanta ba.

Maɗaba'a kullum tana ƙaro 'yan takardu saboda ɓarna. Guda biyar suka rage a aljihun teburina, baƙin layi kawai, sunanta a ƙasa ba a taɓa ba. Wata rana a watan Mayu, lokacin abincin rana, na jera falle goma sha ɗayan na zauna a teburin mata. Ni mai yanka ne, ba mai shafawa ba, uku na lalata. Ta huɗu ta fito. Na jingina ta a allo na ja da baya.

Da baƙin kwat a zagaye da ita, da koren reshe a sama, rigar nan ta fi komai haske a cikin hoton. Ba ta yi kama da rigar barci ba ko kaɗan. Na tsaya ina kallo, sai na ga ina sa mata rawaya a raina, irin rigar da Clémence ta sa ranar da na fara ganinta a bakin rafi. Ban yi niyya ba, haka kawai ya zo. A nan na zauna a benci, burodina yana hannuna har matan suka dawo.

Lahadi na naɗe ta a jarida na jira Armande ta zo. Ta shigo da riga ruwan toka da jan ɗankwali a wuya. Clémence ta kalli ɗankwalin ta ce ya yi mata kyau. Bayan mun ci abinci, uwarta ta shiga kicin, na warware takardar a tebur.

Ta daɗe tana dubawa. Ta kai yatsa kusa da rigar ba ta taɓa ba.

"Kai ka shafa?"

"Ni."

"Koren ya yi nauyi. Ka cika buroshi."

"Na sani. Hannuna na aska ne." Na yi gyaran murya. "Na gani yanzu, Armande. Abin da kika ce, na gani."

"Yana da kyau, ko?"

"Yana da kyau."

Ta gyaɗa kai. Ta turo mini takardar a hankali. "Ka ajiye, Baba. Ni na san yadda take."

Na naɗe. Sai na tambaye ta aiki. Ta ce wani gidan safar hannu ya ba ta hoton watan Satumba, kwafi ɗari huɗu, launi tara. Murna ta kama ni. Na ce Ferrandon zai karɓa da hannu biyu, ni kuma a kwana biyu zan gama yanka tara.

Ta ce, "Na riga na kai wa Delsol."

Na san Delsol. Ma'aikatarsa tana bayan tashar gabas. Yana da sauri, amma yakan yanka da kwano mai kauri, launi ya taru a bakin rami.

Na ce, "Ki ce masa ya sa kwano marar kauri in akwai yatsu a zanen. Kuma ya canja aska kafin ya shiga fuska."

"Zan gaya masa."

"In ya ga wani wuri da bai gane ba, ya tambaye ki."

"Yana tambaya," in ji ta. Ta tashi ta shiga kicin taya uwarta wanke kwanuka.